Baƙi Ma Hawa-Hawa Ne

Ba ni da tatu a jikina, kuma ba ni da niyyar yi. Na san abin da malamanmu suka karantar a kan hukuncinsa, a nan kuma na tsaya. Amma idan aka tambaye ni wa ya koya mini zana fuskar baƙar fata, amsar gaskiya ita ce masu zanen tatu na baƙi da toka, mutanen da ban taɓa gani ba sai a fuskar wayata. Sana'ata zanen fuskoki ce da fensir da tawada, shi ya sa duk inda na ga an fitar da kamannin mutum sai na tsaya na duba yadda aka yi.

Wannan salo ya yi ƙarfi ne a gidajen yarin jihar Kalifoniya ta Amurka, a hannun fursunoni 'yan asalin Meziko. Ba su da tawada mai launi, ba su da injin kirki. Sai su ciro ɗan injin da ke juya kaset a rediyo, su haɗa shi da bututun biro, su wasa tsirkiyar jita ta zama allura. Tawadar kuwa daga kunkunniya ake samunta: a ƙona takarda ko roba, a tara baƙin hayaƙin, a dama da ruwa. Duk wanda ya yi makarantar allo ba zai yi mamaki ba, don mu ma da gawayi da ƙaro muka san tawada. Da yake launi ɗaya ne a hannunsu, sai suka gano cewa ƙarin ruwa yana mayar da baƙin nan toka-toka, kuma da baƙi da toka ana iya fitar da fuskar uwa, ko ta budurwar da aka bari a waje.

A shekarar 1975 Charlie Cartwright da Jack Rudy suka buɗe shago mai suna Good Time Charlie's Tattooland a gabashin birnin Los Anjeles, inda suka riƙa yi wa mutane irin wannan zane da allura guda. Daga baya Freddy Negrete, wanda ya koyi aikin tun yana matashi a tsare, ya shigo cikinsu. Abin da rashi ya haifar a kurkuku ya zama salon da ake nema a duniya.

Yadda ake aikin a yau ba shi da wuyar fahimta. Mai zane zai jera ƙananan kofuna, kamar huɗu ko biyar. Na farko baƙar tawada ce zalla. Na biyu an rage ta an cika da tataccen ruwa. Haka za a yi ta ragewa har a zo na ƙarshe, wanda ɗigo ɗaya ko biyu ne kawai a cikinsa, kamar ruwan wankin allo na ƙarshe. Akwai kamfanonin da ke sayar da su a haɗe, kwalba-kwalba, kowace da matakinta, domin tokar yau ta yi daidai da ta gobe idan aikin zai ɗauki zama fiye da ɗaya. Baƙi zalla na ƙwayar ido ne da ramin hanci da ƙarƙashin haɓa. Na tsakiya shi ke zagaye kumatu. Mafi haske kuma shi ke narkar da inuwa a hankali har ta ɓace cikin fata ba a ga iyakarta ba.

Wahalar tana wurin da ido ke yaudarar mai shi. Allura tana ajiye tawada a ƙarƙashin fatar sama, zurfin milimita 1 zuwa 2. A ranar aikin wurin yana ja, yana kumburi, sai tokar ta fi yadda take duhu. Bayan 'yan makonni, idan fata ta yi saɓa ta warke, sai komai ya yi haske ya lafa. Ke nan mai zane yana aiki ne don abin da za a gani nan da wata guda, kuma babu abin gogewa. Idan ya zurfafa allura, tawada ta bazu ta yi dishi-dishi. Idan ya yi ta maimaita wuri ɗaya, ya ji wa fata ciwo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar launin fata. A wannan salo, haske mafi girma a zanen shi ne fatar mutumin kanta, wurin da aka bari ba a taɓa ba. Kuma tunda tawada tana kwance ne a ƙarƙashin sinadarin da ke ba fata launinta, ana hango ta ne kamar ta bayan gilashi mai duhu. Tokar da ke fitowa ras a jikin Bature, a jikin irina ɓacewa take yi. Ƙwararru ba sa cewa fatar ce ke da matsala. Sukan rage yawan matakan, su ƙara musu duhu, su bar wurare da yawa a buɗe, su faɗaɗa zanen. Wato ma'aunin yana farawa ne daga jikin wanda ke zaune a gabansu.

Wannan darasi ya yi mini rana bayan rasuwar mahaifinmu. Hoto ɗaya ne ya rage mana mai kyau, ɗan ƙaramin fasfo, shi ma hasken kyamara ya bi farar hularsa ya bar fuskar cikin duhu. Hajiya ta miƙo mini shi a nannaɗe cikin leda, ta ce, "Ka fito mini da shi yadda yake, ba yadda hoton nan ya mayar da shi ba."

Na ce, "To Hajiya, in sha Allahu."

Sai na ajiye farar takarda, na nemo mai ruwan ƙasa wadda ta yi kusa da launin goshinsa. Na jera murafun kwalba biyar, na ɗiga tawada hawa-hawa kamar yadda na ga suna yi. Na fara da mafi duhu, idanu da gefen gemu, ina jira kowane shafi ya bushe kafin na ƙara wani, don tawada ma a takarda tana sauya fuska idan ta sha iska. Goshi da karan hanci da saman kumatu ban taɓa su ba, takardar ce ta tsaya a madadinsu. Kwana tara na yi. Da na kai mata, ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, sannan ta sa yatsa a kan wata 'yar inuwa da ke gefen bakinsa, wadda na yi da murfi na huɗu. Ta ce a nan murmushinsa yake farawa.

Mun saba cewa wane baƙi ne, wance fara ce, wane wankan tarwaɗa, kamar an gama magana. Wanda ya taɓa zama da kofuna biyar a gabansa ya san a fuska ɗaya ma baƙin ya fi haka yawa, kuma kamannin mutum yana ɓoye ne a matakan tsakiya, waɗanda ba su da suna. Fursunonin da suka fara dama kunkunniya da ruwa fuskokin mutanensu suke tsoron mantawa. Hajiya ma abin da take tsoro ke nan.