Harsashi 41, Murya 41

A shekarar 1999 ina tuƙa tasi a Bronx, cikin birnin New York. Mu 'yan Afirka ta Yamma muna da yawa a can: Hausawan zangon Kumasi da Accra, mutanen Nijar, Fulanin Gini, 'yan Senegal da Gambiya. Wasu tuƙi, wasu gadi, wasu talla a bakin titi. Tsakaninmu da baƙaƙen fatar Amurka sai gaisuwa. Kullum dattawanmu jan kunne suke yi: ka nemi halaliyarka, ka aika gida, rigimar da ka tarar ba taka ba ce.

Ranar 4 ga Fabrairu, labari ya fara yawo tsakanin direbobi ta oba-oba cewa an harbe wani ɗan Gini a unguwar Soundview. Kafin la'asar kowa ya san sunansa: Amadou Diallo, Bafulatani ɗan shekara 23, mai sayar da safa da kaset ɗin bidiyo a Manhattan. Bayan tsakar dare yana tsaye a zauren gidan da yake haya a Wheeler Avenue, sai 'yan sandan farin kaya su huɗu suka nufo shi. Ya sa hannu a aljihu ya ciro walat. Suka sakar masa harsashi 41, guda 19 suka same shi. Ko allura babu a jikinsa.

Na je wurin da kaina. Zauren ɗan ƙarami ne, mutum biyu ba za su miƙe hannu a ciki ba. Ga ramukan harsashi a bango, ga furanni da kyandir jibge a bakin ƙofa. Wata dattijuwa baƙar Amurka ta dubi hulata, ta riƙe hannuna gam, ta ce ɗanmu ne aka kashe. Ba ta taɓa ganin Amadou ba, ba ta kuma san inda Gini take ba sai a labarai.

A watan Maris zanga-zanga ta koma ƙofar hedikwatar 'yan sanda, kullum ba fashi, ɗan gwagwarmaya Al Sharpton na kan gaba. Mutum fiye da 1,000 suka miƙa hannu aka kama su, har da tsohon magajin gari David Dinkins. A gefen taron ne na fara tsayawa na saurari gambarar hip-hop ta samarin baƙaƙen fatar Amurka da kunnen basira. Sun yi da'ira, ɗaya na buga kiɗa da baki kawai, tafin hannunsa rufe da leɓe, sauran suna karɓar baiti bi da bi. Ba rubutu, ba ganga. Suna jero sunayen waɗanda aka kashe, da titin da kowanne ya faɗi. Idan aka zo kan Amadou sai taron duka ya ɗauki ƙidaya da ƙarfi, daga ɗaya har 41. Ƙidayar tana da tsawo. Kafin a kai talatin, manya da furfura suna share hawaye.

Wani Alhaji ɗan Damagaram da muke tare da shi, wanda da ya ji wannan kiɗa a mota yake kashe rediyo, ya taɓa ni ya ce, "Ɗana, me suke faɗa?" Na ce, "Baba, shaida suke bayarwa." Ya jima bai ce komai ba, sannan ya ce, "To, Allah ya saka musu. Sun fi mu sanin wannan ciwon."

Gaskiya ya faɗa. A Bronx ɗin nan aka haifi hip-hop, a wani biki da DJ Kool Herc, haifaffen Jamaika, ya yi wa kiɗa a Sedgwick Avenue ranar 11 ga Agusta 1973, lokacin da talauci da gobara suka cinye unguwannin. 'Ya'yan da suka tashi a haka sun daɗe suna faɗin yadda ake tare su ana lalube su a kan hanya. Mun zo mun tarar da kukan, ba mu gane da mu ake ba sai da aka zo kan namu.

An ɗauke shari'ar kisan Amadou zuwa Albany. Ranar 25 ga Fabrairu 2000 aka wanke 'yan sandan huɗu daga dukkan tuhuma. Jama'a suka cika titunan Manhattan, kowa ya ɗaga walat ɗinsa sama. Ni ma na ɗaga nawa, hannuna na rawa don baƙin ciki.

Kotu ta rufe fayil, mawaƙa suka ƙi rufewa. A shekarar 2000 Mos Def da Talib Kweli suka tara mawaƙa 41, murya ɗaya a madadin kowane harsashi, suka fitar da faifan Hip Hop for Respect. Wyclef Jean ya yi waƙa da sunan Diallo tare da Youssou N'Dour na Senegal. A 2002 aka rusa rukunin 'yan sandan da ya yi harbin. A 2004 birnin ya biya iyalan Amadou diyyar dala miliyan 3, mahaifiyarsa Kadiatou kuma tana tallafa wa ɗalibai da gidauniya mai sunansa.

Na sani a cikin hip-hop akwai batsa da alfahari da bindiga, kuma ba na kare su. Amma duk wanda ya ce min kiɗan 'yan iska ne kawai, sai na ba shi wannan labari. Baƙo ya mutu nesa da Futa Jalon ta Gini, ba dangi ba gata, jikokin bayi suka tsaya masa kamar ciki ɗaya suka fito. Bashin zumunci ne a wuyanmu, kuma biyansa shi ne mu fito duk ranar da aka taɓa nasu.