Sojan Darma da Dokar Tsoro

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani wasa na manya wanda kan bai wa baƙo mamaki. Magidanta, har da dattawa masu furfura, sukan kewaye wani faffaɗan tebur da aka shimfiɗa wa koren ƙyalle, aka dasa masa ƴan tuddai da itatuwa da gidaje. A kansa an jera ɗaruruwan sojojin darma, kowane tsayinsa bai wuce santimita 3 ba, an yi musu fenti daidai da tufafin mayaƙan zamanin Napoliyon. Ɗan mutum-mutumi guda yana iya tsayawa a madadin dakaru 20 ko 50. Mai wasa yana riƙe da sandar awo a hannu ɗaya, ƴaƴan ludo a ɗayan. Sai dai duk cikin kayan nan babu mai daraja kamar littafin dokoki, domin shi ke faɗin abin da dakare zai iya da abin da ya fi ƙarfinsa.

Tushen abin yana ƙasar Purusiya. A shekarar 1812 wani ma'aikacin gwamnati mai suna Reisswitz ya miƙa wa sarkinsu teburin wasan yaƙi da ya ƙera. Ɗansa, wanda hafsa ne a rundunar igwa, ya gyara dokokin, ya fitar da su a 1824. Ya mayar da wasan kan taswira ta gaskiya, ya sa kowane zagaye ya zama minti 2 na fagen fama, ya raba rundunonin biyu da launin ja da shuɗi. Ya kuma naɗa alƙali, wanda shi kaɗai ke ganin fagen gaba ɗaya. Masu wasa sai dai su rubuta umurni su jira abin da zai biyo. Shugaban hafsoshin ƙasar, Janar Müffling, da ya ga yadda ake yi, ya ɗauke shi a matsayin horon yaƙi, aka kuma rarraba wa rundunoni kayan wasan. Bayan Purusiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sojojin wasu ƙasashe suka shiga kwaikwayo.

Duk mai rubuta irin waɗannan dokoki dole ya amsa tambayoyin da marubucin tarihi kan iya tsallakewa. Taku nawa bataliya za ta yi a minti biyu in ƙasa ta jiƙe? Bindigar wancan zamani, da ake ɗura wa albarushi ta baki, tana tashi sau 2 ko 3 a minti, kuma in abin hari ya wuce kimanin mita 100 samunsa sai an dace. Saboda haka dakaru ke tsayuwa kafaɗa da kafaɗa cikin dogon sahu, domin wuta ta fita lokaci guda. In za su kai farmaki sai su dunƙule, sahu bayan sahu. In kuwa barade suka taso musu, sai su yi da'ira mai kusurwa huɗu, banati na fuskantar kowane ɓangare, kamar yadda sojojin Ingila suka yi a Watarlu ranar 18 ga Yuni, 1815. Kowace lamba a littafin dokoki da'awa ce a kan abin da ya faru, kuma ana iya ƙaryata ta da hujja.

Amma akwai wata matsala da awo bai warware ba: sojan darma ba ya jin tsoro. Kamar ɗan dara yake, inda aka aje shi nan zai tsaya har a cinye shi. In aka bar wasan haka, runduna biyu za su yi ta ɓarin wuta har mutum na ƙarshe ya faɗi, abin da da wuya ya taɓa faruwa a fagen gaskiya. Wani kanar na Faransa, Ardant du Picq, wanda aka kashe kusa da Mez a 1870, ya ɗauki shekaru yana tambayar hafsoshi abin da suka gani da idonsu. Abin da ya gano shi ne, zuciya ke karyewa kafin jiki, kuma runduna takan watse alhali mafi yawan mutanenta na da rai. A yammacin Watarlu ma haka aka yi: da zaratan dogaran Napoliyon suka ja da baya, sai sauran rundunar ta ɗauka magana ta ƙare, kowa ya nemi hanya.

Don haka marubutan dokoki suka shigar da abin da za a iya kira dokar tsoro. In bataliya ta yi asarar wani kaso na mutanenta, ko hafsanta ya faɗi, ko maƙwabciyarta ta gudu, ko aka ɓullo mata ta baya, sai a jefa ɗan ludo. Lambar da ta fito ita ke nuna ko za ta tsaya, ko ta ƙi gaba, ko ta watse. A nan mai wasa kan ciji yatsa, domin ya tsara dabara mai kyau amma mutanensa sun ƙi bin ta. Wannan doka ta fi sauran gaskiya, tun da ita kaɗai ta yarda cewa waɗanda ke cikin sahu mutane ne masu iyaye da ƴaƴa, masu son komawa gida.

Ana iya cewa bai dace a mai da zubar da jini abin nishaɗi ba, kuma maganar tana da nauyi. Marubucin Ingila H. G. Wells, wanda ya wallafa littafin Little Wars a 1913 ya buɗe wa farar hula ƙofar wasan, mai ƙyamar yaƙi ne. Yana ganin wanda ya buga ƙaramin yaƙi a daɓen ɗaki zai fahimci irin shirmen da ke cikin babban. Shekara guda bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, kuma ranar 1 ga Yuli, 1916, a bakin kogin Som, Ingila ta rasa rayuka sama da 19,000 a yini ɗaya. Wasa bai hana komai ba. A kan tebur, sojan da aka harbe ana mayar da shi akwati, mako mai zuwa ya sake tsayuwa. Babu dokar da ke ƙirga zawarawa da marayu.

Duk da haka malamin tarihi yana da abin ɗauka a nan. Ɗalibi yakan haddace suna da shekara da wanda ya yi nasara, har ya zaci tun farko haka aka rubuta za ta kaya. In aka ce masa ya tsara doka guda da za ta faɗi lokacin da mutum 500 za su juya baya, dole ya tambayi ko sun ci abinci, ko sun yarda da shugabansu, ko sun san dalilin da aka kawo su. Daga nan ya bar kallon janar a kan doki, ya soma kallon dakaren da ke tsaye cikin hayaƙi, wanda littattafai ba su cika riƙe sunansa ba.