Ma'aji, Kafinta da Kogin Madison

A garin Bozman, cikin jihar Montana ta ƙasar Amurka, akwai wata ƙaramar ikkilisiya da ke da zumuntar maza ta mutum 14. Kowace shekara sukan keɓe kwana uku, daga Jumma'a zuwa Lahadi, su fita daga gari domin hutawa da addu'a. A watan Fabrairu na 2021 suka yanke shawara cewa a wannan karo Kogin Madison za su tafi kamun kifi. Suka ɗora aikin shiri a kan ma'ajinsu, wani dattijo da ya yi shekara talatin yana aikin akanta kafin ya huta. Mutum ne mai tsari, wanda ko anini bai taɓa ɓacewa a hannunsa ba, saboda haka kowa ya koma gida da kwanciyar rai.

Mai karatu da ya saba ganin masunta da taru da koma, ko yara da fatsa da tana a bakin gulbi, zai so a bayyana masa irin wannan su. Mutanen can suna kiransa da sunan da ke nufin fatsar ƙuda. Ba a sa wa ƙugiya tana ko wani abinci. Ana naɗa mata gashin zakara da gashin barewa da zare, har ta yi kama da ƙwaron da kifi yake ci. Da yake wannan ƙudan ƙarya ba shi da nauyi, ba a iya jefa shi yadda ake jefa ƙugiya mai darma. Nauyin yana cikin igiyar. Mai su yakan riƙe sanda mai tsawon ƙafa 9, ya kaɗa igiyar baya da gaba a iska kamar bulala, sa'an nan ya sake ta ta miƙe a bisa ruwa, ƙudan ya sauka a hankali. Dole ne ƙudan ya tafi daidai da gudun ruwan. In igiya ta ja shi ko kaɗan, kifi ya gane, ba zai taɓa shi ba. Kifin da ake nema shi ne tiraut, kifin ruwan sanyi, kuma yawancin masu wannan su sukan saki abin da suka kama ya koma ruwa da ransa.

Kogin Madison yana fitowa daga gandun dajin Yeloston, inda kogunan Fayahol da Gibon suka haɗu. Yana gangarawa arewa ta garin Enis, har ya haɗu da Jefason da Galatin, su ukun su zama Kogin Misuri. A 1974 jihar Montana ta daina zuba kifin kiwo a kogunanta, domin binciken da aka yi a Madison ya nuna kifin kogi ya fi yawaita idan aka bar shi shi kaɗai. A 1994 aka gano wata cuta da ke sa ƙananan kifi su yi ta juyawa har su mutu, ta yi ɓarna ƙwarai, amma daga baya kifin ya farfaɗo. Akwai kuma littafin da Norman Maclean, ɗan wani fasto na Montana, ya rubuta a kan iyalinsu da wannan su. An buga shi a 1976, aka mai da shi fim a 1992, daga nan baƙi suka yi ta kwararowa kogunan jihar. Da baƙi suka yawaita, masauki da hayar jirgi suka yi tsada.

Ma'aji ya zauna da takarda da alƙalami ya yi shiri irin na manya. Ya kama ɗakuna a wani masauki mai kyau kusa da Enis, tafiyar kimanin sa'a guda daga Bozman. Ya yi hayar jiragen ruwa bakwai, gama kowane jirgi mutum biyu yake ɗauka, da jagora guda mai tuƙi wanda ya san maɓoyar kifi, kuma kuɗin jirgi ɗaya a yini ɗaruruwan daloli ne. Ya gayyato mai wa'azi daga wani gari, ya raba kwanakin sa'a sa'a, ya zaɓi tsakiyar watan Yuli. Ya biya kafin alƙalami daga asusun zumunta. Da ya raba jimlar kuɗin gida 14, sai ya rubuta rabon kowa a takarda, ya manna ta a ƙofar majami'a domin masu zuwa su sa suna.

Bayan mako uku, suna tara ne a takardar. Mutum biyar ba su rubuta ba: ɗalibai biyu na jami'ar garin, da wani direban bas, da wani saurayi da matarsa ta haifi tagwaye, da wani kafinta. Kowa da hujjarsa. Ɗaliban suka ce karatu, direba ya ce ba zai sami hutu ba, kafinta ya ce yana da aiki a hannu. Ma'aji ya karɓi maganarsu kamar yadda suka faɗa, ya fara lissafin rage jirage.

Matarsa ce ta tsai da shi. Ta ce, "Maigida, ruwa ba ya tsami banza. Dubi sunayen tara ɗin nan, ka dubi na biyar ɗin, ka gaya mini abin da ya raba su." Ya duba, ya yi shiru, gama tara ɗin duka masu hali ne. Sa'an nan ta gaya masa abin da matan zumunta suka daɗe da sani. Kafintan nan a kwarin Madison aka haife shi, tun yana yaro yake bin kogin da mahaifinsa. Lokacin da matarsa take jinyar ciwon daji, kuɗin asibiti ya ci ƙarfinsa, ya sayar da jirginsa da sandunansa duka. Ta rasu a 2019. Tun daga nan bai koma bakin kogi ba, a majami'a ma kujerar baya yake zama, ya fita kafin a gama gaisawa.

Abin ya taɓa zuciyar ma'aji, amma ya ɗauke shi kamar matsalar lissafi. Washegari ya tafi shagon kafinta da ambulan a aljihu. Bayan gaisuwa ya ajiye ta a bisa teburin aiki ya ce, "Ɗan'uwa, rabonka na tafiyar nan ke nan. Ba wanda zai sani sai ni da kai."

Kafinta ya ajiye randa da take hannunsa, ya dubi ambulan ɗin, bai taɓa ta ba. Ya ce, "Na gode, dattijo, Allah ya sāka. Amma tun da matata ta rasu, kowa da ya shigo ƙofar nan da abu yake zuwa. Wannan ya kawo abinci, wancan ya kawo kuɗi. Shekara biyu ke nan ba wanda ya shigo ya roƙe ni wani abu." Ya tura ambulan ɗin a hankali zuwa gefen da ma'aji yake, ya koma kan katakonsa.

Ma'aji ya koma gida da kunya. Da farko ya ji haushi, ya ce a ransa girman kai ne. Amma maganar ta ƙi barinsa ya yi barci. Ya ga cewa ko da kafinta ya karɓi kuɗin, saura mutum huɗu suna nan a baya, kuma asusun zumunta ba zai iya ɗaukarsu ba. Ya ga kuma cewa shi da ya tsara tafiyar bai taɓa riƙe sandar fatsar ƙuda ba, shi ya sa ya sayi kome da kuɗi.

Bayan kwana huɗu ya sāke zuwa shagon, hannu wofi. Ya ce, "Ɗan'uwa, shirina ya bar mutum biyar a baya, ban kuwa san yadda zan gyara ba. In babu jirage, babu masauki, babu jagora, ana iya yin tafiyar nan? Ka taimake ni."

Kafinta ya daɗe bai amsa ba. Sa'an nan ya zare fensir daga bayan kunnensa, ya jawo wani guntun katako, ya zana kogin a kai. Ya ce tun 1985 dokar Montana ta ba kowa izinin bin kogi da gāɓarsa har iyakar inda ruwa yake kaiwa lokacin cika, ko da gonar da ke gefe ta wani ce, muddin mutum ya shiga ta gada ko ta mashigar jama'a. Ya nuna wani yanki kudu da Enis, ƙasa da tafkin da girgizar ƙasa ta 1959 ta haifar lokacin da dutse ya zube ya tare kogin. Ya ce a nan an hana kamun kifi daga cikin jirgi, kowa da ƙafa yake shiga, mai kuɗi da marar kuɗi. Akwai kuma filayen gwamnati a bakin kogin inda ake kafa tanti da kuɗi kaɗan. Abin da ya zama dole kowa ya saya shi ne lasin na jiha.

Daga nan ya soke watan Yuli. Ya bayyana cewa ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar da kifi yake shaƙa, don haka tiraut da aka ja da ƙugiya cikin zafi yakan mutu ko an sake shi. Idan zafin ruwa ya kai digiri 23 kwana uku a jere, hukuma takan hana su daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare. Ya ce a bari sai Satumba, lokacin da ruwa ya huce, baƙi sun ragu, iska kuma tana kaɗo fara daga ciyawa zuwa cikin kogi. Ƙudan da ya yi kama da fara babba ne, sabon shiga yana iya ganinsa a bisa ruwa.

Sabon shirin bai zo a sauƙaƙe ba. Wani sashi na kafin alƙalami ya tafi ke nan, ma'aji ya tsaya gaban zumunta ya ce kuskurensa ne, ya biya daga aljihunsa. Ya rubuta wa mai wa'azi takardar ba da haƙuri. Biyu daga cikin masu hali suka yi gunaguni, suka ce sun tsufa da kwanan tanti. Ɗaya ya haƙura, ɗayan ya janye sunansa, har wata guda bai gai da ma'aji da sakin fuska ba. A watan Yuli kuwa fari da zafi suka sauka a Montana, aka hana sun yamma a koguna da yawa. Kowa ya tuna da abin da kafinta ya faɗa.

Asabar uku a jere suka taru a filin ciyawa na majami'a da sandunan aro, aka ɗaura guntun ulu a maimakon ƙugiya domin kada a tsokane wa wani ido. Kafinta yana bin su ɗaya ɗaya, yana riƙe musu wuyan hannu, yana cewa su dakata igiya ta miƙe a baya kafin su kawo ta gaba. Likita da ɗalibi duk igiya ta naɗe musu a wuya, aka yi ta dariya. Ranar Alhamis da yamma kuma sukan je shagonsa su koyi naɗa ƙuda. Ya koya musu su danne ƙayar ƙugiya da filaya domin ta fita daga bakin kifi da sauƙi, su jiƙa hannu kafin su taɓa shi. Shagon da ya shekara biyu shiru ya cika da muryoyin maza.

Ran Jumma'a ta biyu a watan Satumba mutum 13 suka tafi cikin motoci huɗu, da tantuna da tukwane. Dare ya yi sanyi har ruwan bokiti ya yi ƙanƙara. Da safe kafinta ya raba su biyu biyu, ya hana kowa shiga ruwan da ya wuce gwiwa, gama duwatsun Madison suna da santsi, ruwan kuma yana da ƙarfi. Direban bas ne ya fara kamawa, ya yi ihu har na ƙetare suka ji. Uban tagwaye ya kama biyu, ya yi barci a kan dutse sauran yinin, ba wanda ya tashe shi. Ma'aji ya faɗa ruwa sau ɗaya, ya rataye ƙuda shida a bisa itatuwa, bai kama kome ba.

Kafinta bai jefa igiya ba duk yinin, yana ta kwance wa mutane ƙulli. Da rana ta kusa fāɗuwa ma'aji ya miƙa masa sandarsa ya ce, "Ɗan'uwa, nuna mini sau ɗaya yadda ake yi." Kafinta ya karɓa, ya shiga ruwa. Maza suka taru a gāɓa suna kallon igiyar tana tafiya tana dawowa. A jifa na uku kifi ya taso. Ya jawo shi, ya durƙusa, ya zare ƙugiyar, ya riƙe shi cikin ruwa har ya sami ƙarfi ya tafi. Ya daɗe a durƙushe bayan kifin ya ɓace. A daren nan, a bakin wuta, ya ba su labarin yadda ya koya wa matarsa wannan su a wannan yanki, da yadda ta fi shi haƙuri. Wannan ne karo na fari da suka ji ya ambaci sunanta tun ranar jana'iza.

Ran Lahadi suka yi sujada a bakin kogi. Da yake babu mai wa'azi, ɗaya daga cikin ɗaliban ya karanta sura ta 21 ta Bisharar Yohanna, inda almajirai suka kwana suna su ba su kama kome ba, da kuma inda Ubangiji, ko da yake ya riga ya hura wuta da kifi a kai, ya bukaci su kawo daga cikin nasu kifin. Ma'aji ya sha karanta wurin nan, amma bai taɓa lura cewa Ubangiji ya nemi wani abu daga hannunsu ba. Kafinta ne ya rufe da addu'a.

Da Fabrairu ta zagayo aka sāke ba ma'aji aikin shiri. Wannan karo bai fara da neman masauki ba. Ya rubuta sunayen mazan duka a takarda, har da wanda ya janye, a gaban kowane suna ya bar fili domin abin da za a roƙi mutumin ya kawo. A gaban sunan direban bas ya rubuta tuƙi, a gaban na ɗaliban karatu da girki, a gaban na wanda ya janye ya rubuta aron babbar motarsa mai gado a ciki. Sa'an nan ya ɗauki takardar ya nufi shagon kafinta domin su zaɓi rana.