Kwarin Komadugu: ga yumɓu, ga kanwa, saura tanderu

Matafiyin da ya bar Damagaram da asuba ya nufi gabas, ba zai yi kilomita 20 ba sai ya shiga Mirya, garin da ya yi suna da ginin tukwane. Daga nan sai Gidimuni, sai Gure, sai Gudumariya, tuddan rairayi na miƙa shi ga tuddan rairayi, a tsakaninsu kuma kwaruruka masu dabino da goriba inda kanwa ke tsattsafowa fari fat kamar an barbaɗa gari. Bayan Maine-Sorowa sai ƙasa ta kwanta, itatuwa su ƙara duhu ta hannun dama. Wannan duhun shi ne Komadugu. Garin Difa na zaune a gaɓarta, wajen kilomita 1360 daga Yamai, nisan da ya sa ma'aikacin da aka tura can yakan yi ban kwana da dangi kamar mai tafiya hajji ta ƙasa.

Komadugu baƙuwa ce mai zuwa da tafiya. Ruwanta daga Najeriya yake fitowa, daga kogin Haɗeja da na Jama'are, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ba ta da cikakken iko da kanta. Takan iso Difa wajen watan Yuli, ta cika ta batse a Nuwamba ko Disamba, sa'an nan ta soma ja da baya har bazara ta mayar da ita tafkuna nan da can. A tsawon wajen kilomita 150 ita ce iyaka tsakanin Nijar da Najeriya, kafin ta wuce Boso ta faɗa Tafkin Cadi. Kowa ya san abin da take bari in ta janye: gonakin tattasai, wanda ake yi wa kirari da jan zinariya, da shinkafa da alkama da albasa. Akwai kuma wani abin da take bari wanda ba a auna shi da buhu, ba ya kuma shiga littafin duwan, wato yumɓun da ke kwantawa cikin fadamu shekara bisa shekara.

Ranar Talata, ranar kasuwar Difa, mai son ganin wannan yumɓu sai ya bar hayaniyar dillalan tattasai ya nemi inda mata ke kasa randa da tulu da tukunyar miya da kaskon turaren wuta, wanda gidan Barebari ba ya rasa shi. Ba nisa da su kuma ga rumfunan roba da samira da tangaran ɗin ƙasar Sin, waɗanda suka biyo ta Kano da Maiduguri. Uwar amarya takan tsaya wajen masu randa ta yi ciniki har ta gaji a kan ƴan daloli, sa'an nan ta wuce rumfar tangaran ta zube jikkuna ba gardama. Ɗan kasuwa mai lura ba zai rasa tambayar kansa ba: tun da ƙasa ce wannan, ƙasa ce wancan, me ya hana ta Komadugu yin sheƙi irin na Sin?

Amsar tana cikin wuta. Maginiyar kwarin nan takan cuɗa yumɓunta da garin tsingaro ko ƙaiƙayi, ta gina da hannu, ta shafa jar ƙasa, ta goge har ya yi santsi, ta shanya. Ranar gashi sai a jera tukwane a fili ko cikin ɗan rami, a lulluɓe da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu, a cinna. Wutar takan tashi da sauri, ta kai tsakanin digiri 600 da 900, ta faɗi da sauri. Ma'aikacin da ya yi lakkol yakan ɗauki wannan a matsayin ci baya, alhali kuwa dabara ce da aka daɗe ana tacewa. Tukunyar da aka gasa haka jikinta na da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Ta cikinsu randa ke yin gumi, iska ta kwashe gumin, ruwa ya yi sanyi ko da rana ta kai digiri 45 a watan Afrilu. Su ne kuma ke ba tukunyar miya damar hawa murhu ba ta tsage ba. A ɗora farantin tangaran bisa duwatsu uku a ga yadda za a kwashe.

Shi kuwa abin da ke sa tangaran sheƙi, wanda za a iya kira ruwan tangaran, gilashi ne siriri da aka narkar a jikin tukunya. Abu uku ke haɗa shi. Akwai yashi, wanda shi ne gilashin kansa, amma shi kaɗai ba ya narkewa sai wuta ta wuce digiri 1700. Akwai abin da ke sassauta masa ya narke da wuri, kamar kanwa ko toka ko farar ƙasa. Akwai kuma ɗan yumɓu da ke riƙe haɗin kada ya kwarare ya taru a gindi. Launi daga baya yake zuwa: tsatsar ƙarfe ta ba da ruwan zuma, jan ƙarfe cikin haɗi mai kanwa ya ba da shuɗi mai ratsin kore. To, mai karatu ya sake duban hanyar da aka biyo. Yashi ya yi wa jahar Difa yawa har yana binne gonaki. Kanwa ita ce tsohuwar dukiyar ƙasar Manga. Ɓuntun shinkafar kwarin, in an ƙona shi, tokarsa kusan duk sinadarin yashi ce, ga ta laushi ba sai an niƙa ba.

Ba yau kanwar wannan yanki ta fara haɗuwa da wuta ba. Da kanwa Misirawan dā suka yi gilashinsu. Masagan Bida, a ƙasar Nufe, da yashi da kanwar da fatake ke saukowa da ita daga ƙasar Barno suke dafa baƙin gilashin da suke yin munduwa da dutsen wuya. Su kansu Mangawa masu dafa gishiri, a kwarurukan da ke kewayen Maine-Sorowa, tanderu suke ginawa su jera ƙananan tukwane gomomi a ciki, su tafasa ruwan gishiri har ya daskare, sa'an nan su fasa tukunyar su fitar da curin. Ke nan kowane curin gishiri sai da ya ci tukunya guda, kuma wani ne ya gina ta. A Jamus kuwa, tun ƙarni na 15, maginan kwarin Rhin suka gano cewa in aka watsa gishiri cikin tanderu sa'ad da wuta ta haura digiri 1200, tururinsa na kama jikin tulu ya zama gilashi.

Amma fa ganin kayan miya ba shi ne miya ba. Kanwa na narkewa cikin ruwa, saboda haka in aka dama ta aka shafa wa tukunya sai ta shige jikin yumɓu ta bar yashi a waje. Dole a fara narkar da ita tare da yashi su zama gilashi, a niƙa shi lilis, sa'an nan a dama. Ko an yi haka, ruwan tangaran mai kanwa da yawa yakan tsattsage in ya huce, domin ya fi tukunyar tsukewa, kuma ta waɗannan tsagogin mai da miya ke shiga. Ruwan toka ya fi ƙarko, shi Sinawa suka soma da shi fiye da shekara 3000 da suka wuce, sai dai yana neman wuta wajen digiri 1250. Yumɓun fadama kuwa, mai yawan ƙarfe, ba ya jure wannan: da ya wuce digiri 1100 kaɗan sai ya soma laushi ya lanƙwashe. Ana bukatar wani yumɓu mai haske da ke jure zafi, na tukunyar da kuma na tubalin tanderun kansa.

Tubalin da aka gasa ba baƙo ba ne a wannan kwari. Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarshen ƙarni na 15 kusa da wannan kogi, a cikin jihar Yobe ta yau, fadarsa da jan tubali aka gina ta, haka ma Gambaru da ke kusa da shi a gaɓar ruwa. Birnin ya faɗi a 1808, amma da Bature Denham ya bi ta wurin a 1823 ya iske ganuwar tubalin a tsaye. A ɓangaren Nijar akwai kufan Garumele kusa da Ngigmi, su ma da irin wannan tubali. Mutanen da suka gasa tubali dubbai domin gina fada sun san lissafin itace da iska.

Gwaji mafi kusa na koya wa maginan gargajiya wuta mai tsanani an yi shi ne a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. Wani magini ɗan Ingila, Michael Cardew, ya zo Najeriya a 1950, ya zaga ƙasar yana duban yumɓu, ya zaɓi Abuja saboda ƙasarta da itacenta da goyon bayan Sarki Sulaimanu Barau. Makarantarsa ta soma aiki a 1952, da tanderun itace da ruwan tangaran na toka da duwatsun yankin. A 1954 Ladi Kwali, Bagwariya, ta zama mace ta farko da ta shiga. Randunanta masu zanen kada da ƙadangare da kifi sun kai Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, kuma duk ɗan kasuwar Difa ya taɓa riƙe hotonta, domin ita ce a bayan takardar naira 20. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba. Randar da aka yi wa ruwan tangaran ta yi nauyi, ta daina gumi, ta daina sanyaya ruwa. Ta bar gindin bishiya ta koma ɗakin ajiye kayan tarihi, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin matan da suka ƙirƙiro siffarta.

Akwai gajeriyar hanya, kuma ita ce abin tsoro. Dalma na narkar da yashi a wuta mai sauƙi, ta ba da sheƙi mai ɗaukar ido, shi ya sa maginan Maroko da na Meksiko suka daɗe suna amfani da ita, wasu har da ta tsofaffin baturan mota. Abinci mai tsami, irin su tsamiya da nono da tumatir, yana jawo dalmar daga jikin kwano zuwa cikin mai ci, ta fi kuma yi wa yara lahani a ƙwaƙwalwa. Mutanen wannan shiyya ba su manta da Zamfara ba, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara wajen 400 a 2010. Duk wata ƙungiya ko ma'aikata da za ta kawo malamin tangaran Difa, tambayar farko da ya kamata mai sa hannu a takarda ya yi masa ita ce: me ke cikin buhun nan?

Tambaya ta biyu, itace. Tanderun da zai kai digiri 1250 yakan ci wuta yini guda cur, wani lokaci har da dare, a jahar da ake kakkafa shingen kaba domin tsayar da rairayi. Akwai dai kurmin wani itacen ƙaya ɗan uwan ƙirya, wanda aka kawo a ƙarshen shekarun 1970 domin riƙe tuddai, ya bazu ya mamaye busasshen gadon tafki wajen Ngigmi da Boso har ya zame wa masunta da makiyaya alaƙaƙai. Wutarsa na da ƙarfi. Amma tun harin Boko Haram na 6 ga Fabrairu 2015 a kan Difa da Boso, shiga wannan daji ya zama sayar da rai. Dokar ta-ɓaci ta biyo baya, aka hana hawan babur, aka tsayar da cinikin tattasai har zuwa 2017, na kifi har zuwa 2019. Mutum fiye da 200,000 suka bar garuruwansu, da yawa suka kafa bukkoki a gefen kwalta. Cikinsu akwai matan da suka baro ramin yumɓun da iyayensu suka nuna musu, suka zo da sana'ar a hannu ba wurin yin ta.

Irin waɗannan mata, tanderu ya fi ruwan tangaran yi musu amfani a yanzu. Ƙaramin tanderun tubali mai kai digiri 900 ba gargada yana rage fashewa, yana rage cin makamashi, yana kuma buɗe ƙofar kayan da gashin fili ba ya iya yi daidai. Akwai matacin ruwa na yumɓu da ɓuntun shinkafa, wanda wani masani ɗan Gwatamala, Fernando Mazariegos, ya ƙirƙiro a 1981, ana kuma yin sa a Tamale ta Gana: ɓuntun ya ƙone a wuta ya bar kafofin da ruwa ke ɗiga ta ciki, laka da yawancin ƙwayoyin zawo su tsaya. Jahar da ta ga annobar ciwon hanta a 2017 da ambaliya a 2019 da 2022 ba sai an yi mata dogon bayani a kan ruwan sha ba. Akwai cikin murhun gawayi, akwai indararo, akwai tubalin daɓe. Akwai kuma randa cikin randa da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ta samo masa lambar Rolex a 2000, ta kuma dace da mai ɗanyen tattasai da tumatir. Ita wannan ma ƙyalli ɓata ta zai yi.

Koyon tanderu kuwa koyon haƙuri ne ga wadda ta saba da wutar kara. Awannin farko wuta ƴar ƙarama ake yi a bakin ƙofa, har sauran danshi ya fita, in ba haka ba tukunya ta tarwatse ta kashe maƙwabtanta. Wajen digiri 573 yashin da ke jikin yumɓu yakan kumbura farat ɗaya, ya kuma tsuke a daidai nan in ana hucewa, saboda haka ba a gaggawa a hawa, ba a buɗe ƙofa a sauka. Inda babu na'urar awo, ido ne ma'auni: ja mai duhu, ja kamar garwashi, ruwan goro, rawaya, sa'an nan fari mai kashe ido. Masu hali sukan sa ƴan ƙananan dalar yumɓu da Bajamushe Seger ya tsara a 1886, kowace da zafin da take sunkuyawa. Maras hali ya yi zobban yumɓu ya jera kusa da ramin leƙe, ya riƙa zaro ɗaya da sandar ƙarfe yana dubawa. Kafin a shafa wa kwano guda wani haɗi, sai an gwada shi a kan ƴan tsingaro ashirin ko talatin, kowane da alamarsa, a rubuta abin da aka zuba da inda aka ajiye shi cikin tanderu. Lokacin aikin kuwa kogi ne ke yanke shi: daga janyewar ruwa a farkon shekara, sa'ad da ramukan yumɓu ke buɗewa, zuwa saukar damina, wata huɗu ne ko biyar.