Motocinmu na cikin kwali

Mu uku ne, tun ajin farko tabarma ɗaya muke zama. Muna yara, motar kara da ta gwangwani muke ƙerawa. Shekara biyu da suka wuce, a wajen masu gwanjon kayan wasa, muka tsinci wata ƴar baƙar mota ta ƙarfe mai fukafukai a baya. Tsawonta bai kai yatsa ba, don an rage girman ta ainihin sau 64. Muka haɗa kuɗin karin kumallonmu muka saya. Wallahi ranar da yunwa muka yi hadda!

Da muka bincika a wayar yayan ɗayanmu, ashe motar Batman ce ta 1966, asalinta kuwa Lincoln Futura, wadda kamfanin Ford na Amurka ya nuna a 1955. Maƙeran Ghia ne suka ƙera ta da hannu a birnin Turin na Italiya. Guda ɗaya tak aka yi, ba don sayarwa ba, sai don a gwada wa mutane yadda motar gobe za ta kasance. Rufinta kamar ƙwarya biyu aka kife, ana hango na ciki, irin na jirgin yaƙi.

Daga nan muka fara tarawa. Yanzu muna da tara cikin kwalin sabulu. Amma wadda ta fi tsaya mana a rai ba mu taɓa samun ta ba. Sunanta Norseman, ta kamfanin Chrysler, ita ma aikin Ghia ce. An ɗora ta a jirgin ruwa Andrea Doria za a kai ta New York, jirgin ya yi karo da wani, ya nutse a Yulin 1956. Wahalar maƙera duk ta tafi ƙarƙashin teku. To, sai muka duba hotonta, muka yanka gwangwanin madara muka yi tamu. Rufin ya ba mu wuya, don ba shi da ginshiƙi a gaba. Sau huɗu yana faɗuwa.

Bana za mu rabu, kowa da inda zai nufa. Mun yi gardama har da fushi kan wanda zai riƙe kwalin. Daga ƙarshe muka raba tara ɗin uku-uku. Ta gwangwanin kuwa ba ta rabuwa, mun bar wa ƙannenmu na aji ɗaya. Don Allah ku riƙa ɗaukar ta ta ƙasa, kada rufin ya sake faɗuwa.