Ni da ƙungiyar Faransa: so ne ko sabo?

Jiya a shirin wasanni wani mai saurare ya bugo waya daga Tawa ya ce: "Malam, har yanzu Faransa kake goyon baya, bayan sojojinsu sun bar ƙasarmu?" Na yi dariya na wuce, amma da na koma gida maganar ta tsaya mini a rai.

A 1998 na fara son su. Muna yara, mun cika tabarma gaban talabijin ɗin maƙwabcinmu, Zidane ya sa wa Barazil biyu da ka, aka tashi 3 da 0. A 2000 suka ƙara da kofin Turai. Amma a 2002, da Papa Bouba Diop na Senegal ya zura musu ƙwallo, wallahi har da ni a masu tsalle. Ranar na gane son nawa yana da iyaka.

Duk da haka ban rabu da su ba. Na ji zafin 2006, da Zidane ya tunkuyi Materazzi, Italiya ta tafi da kofi. Na yi murna a 2018 da suka doke Kuroshiya 4 da 2. A 2022 Mbappé ya ci uku, Ajantina ta ɗauke a fenariti, na kwana ban ci tuwo ba.

To ɗan uwana na Tawa, ga amsata: Kanté nake kallo, wanda iyayensa ƴan Mali ne, ba gwamnatin Paris ba. Amma duk ranar da suka haɗu da Mena, kada ma ka tambaye ni.

Ku fa, a fadarku wa ake goyon baya?