Dogon Da Muka Shimfiɗa A Ƙarƙashin Mangwaro

Wata Asabar da hantsi muna dawowa daga cefane a kasuwar Samaru, ni da autana ɗan shekara tara, sai muka zo tsallake layin dogon nan da ya bi ta bayan gari. Yaron ya hau kan ƙarfen yana gwada tafiya, hannuwa a buɗe don kada ya faɗi, sannan ya waiwayo ya ce, "Abba, wai me ake yi da wannan ƙarfen?" Na ce jirgi ne ke bi ta kansa. Ya dubi gaba, ya dubi baya, ya ga awaki kwance a tsakiyar hanyar suna tuƙa, ga wata tsohuwa ta shanya barkono a gefe. Sai ya yi dariya irin ta wanda ya gane zolayarsa ake yi.

Dariyar nan ta tsaya mini a rai. Unguwar da ke ƙetaren ƙarfen sunanta Hayin Dogo, yaron yana da abokai a can, amma bai taɓa kawo wa ransa cewa sunan yana da ma'ana ba. Jirgin sama kuwa ya san shi sarai, domin ƙananan jiragen koyon tuƙi na kwalejin da ke Palladan kusan kullum suna shawagi a kanmu. Na ƙasan ne, wanda hanyarsa ke ƙarƙashin ƙafarsa, ya zame masa tatsuniya.

Ni a Cikaji na tashi, cikin Sabon Gari, a lokacin da kukan jirgi ke gaya wa iyayenmu mata ƙarfe nawa. Mun yi motar kara, mun yi ta langa-langa, amma gwanin cikinmu shi ne wanda ya iya jirgi: a jera gwangwanayen kifi biyar ko shida, a huda su da ƙusa, a ɗaure da waya, a yanko ƙafafu daga tsohon silifas, a kafa gwangwanin tumatir a gaba a matsayin bututun hayaƙi. Wani har tsumma yakan cusa a ciki ya kunna, don kada a ce jirginsa ba ya hayaƙi. Babu wanda ya koya mana. Abin da muke gani yana wucewa shi muke kwaikwayo.

Bilhasali, Sabon Garin Zariya ɗan jirgi ne. Dogon da Turawa suka taso da shi daga Baro, a bakin kogin Neja, ya ratsa ta Zariya ya isa Kano a 1911, kuma da gumin talakawan ƙasar nan aka haƙa hanyarsa. Wannan aiki ne ake kira diga, wanda Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi wa waƙa. An kafa tasha a wajen ganuwa, ƙetaren Kubanni, sai akawuna da masu sana'a daga kudu suka zauna kewaye da ita, kamfanonin sayen auduga da gyaɗa suka biyo baya. Har gobe akwai wurin da ake kira PZ da sunan ɗaya daga cikinsu. Akwai zamanin da dogo ke fita daga Zariya ta fuska huɗu: kudu zuwa Kaduna da Ikko, arewa zuwa Kano, sai wanda ya bi ta Samaru da Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, wato wanda autana ya taka. Na huɗun wani siriri ne mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, da ya nufi Jos ya kai Bukuru a 1914 don kwaso kuza. Bayan da babban dogo ya shiga Jos ta Kafanchan a 1927 sai kasuwarsa ta yi ta ja da baya, har aka rufe shi a 1957. Da muna yara ba mu san cewa gwangwanin da muke yin jirgi da shi da kuza ake shafe shi don kada ya yi tsatsa ba.

A daren ranar na tuna da wani maƙwabcina a Ingila, lokacin da na je ƙaro karatu. Tsoho ne ɗan fansho, ya shimfiɗa ɗan ƙaramin dogo a lambun bayan gidansa, yana bi ta tsakanin furanni, da gada da tasha da komai. A can wannan sha'awa ce ta manya, tana da ƙungiyoyi da mujallu. Akwai wani ƙauyen kwaikwayo mai suna Bekonscot da aka buɗe tun 1929, inda irin waɗannan jirage ke yawo a fili, kuma a 1968 wani kamfanin Jamus ya fara sayar da jiragen lambu masu suna LGB, waɗanda faɗin dogonsu milimita 45 ne. A lokacin kallon mai abin duniya da ya rasa abin yi nake yi wa tsohon. Yanzu sai na ɗauki biro. Faɗin tsohon dogonmu ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067. In ka raba da 45 za ka sami kusan 24. Ke nan duk abin da na auna a tashar Zariya, in na raba shi gida 24, zai zauna daidai a kan irin wancan dogo. Na ce wa yaron za mu yi jirgi.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa digirina na uku a fannin labarin ƙasa ne. Na koyar da tasirin dogo ga bunƙasar garuruwan Arewa fiye da shekara goma, amma ban taɓa riƙe abin like waya da dalma ba.

Taragon bai ba mu wuya ba. Falankin silin da gam da gwangwanin madara da aka buɗe aka daddale, cikin mako biyu mun yi uku: na shanu mai tagogin sanduna, na kaya buɗaɗɗe, da na fasinja. Kan jirgin ma mun harhaɗa shi da ɗan injin da muka ciro daga wata matacciyar fanka mai caji. Turawa da yawa ta cikin dogon suke tura wa jirginsu lantarki, ni kuwa tun farko na san batir za mu sa. Ko da wutar tana zama, ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta raba ƙafar jirgi da ƙarfe. Muka sayo siraran sandunan alminiyam wajen masu haɗa tagogi, muka kafa su a kan katakai a ƙarƙashin mangwaron bayan gida. Ranar gwaji yaron ya gayyato abokansa. Na danna makunni, jirgi ya zabura kamar an tsikari jaki, ya isa kwanar farko, ya yi tsalle ya kife cikin kwatar wanke-wanke. Uwargida tana daga bakin taga ba ta ce komai ba, wanda ya fi mini ciwo a kan ta ce wani abu.

Asabar ta gaba na sa kan jirgin a leda muka hau motar haya zuwa Sabon Gari. Hanyar Sakkwato ce, ta Palladan da Hanwa, a bi ta ƙarƙashin gadar Kwangila, a gangara PZ. Na bi ta sau dubbai, amma ban taɓa shiga Sabon Gari ina neman abin da ban san sunansa ba sai ran nan. A layin masu gyaran rediyo wani saurayi ya juya injin a hannunsa, ya ce gudunsa ya yi yawa kuma ba shi da ƙarfin ja. Ya tona cikin wani kwali ya fito da fayafayai masu haƙora na tsohuwar na'urar buga takardu, ya nuna mini yadda ƙarami ke juya babba, gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru. Ya haɗa mana batura biyu na tsohuwar kwamfutar hannu, kowanne mai ƙarfin bolt 3.7, ya gargaɗe ni kada in bar su a rana. Sakandare kawai ya gama. Da na tambayi inda zan sami ƙafafu, sai ya kwatanta mini wani mai injin sassaƙa ƙarfe a wajen tasha.

A bakin wannan shago muka tarar da dattijon. Yana zaune a benci da carbi, ya haura tamanin, ba ma'aikacin wurin ba ne, hira kawai ke kawo shi. Na gaishe shi na durƙusa. Mai shago ya ce masa, "Baba, Dakta ne daga Samaru, jirgi yake ƙerawa."

"Dakta na allura ko na takarda?"

Na ce na takarda. Ya miƙo hannu na ba shi kan jirgin. Bai dubi fentin da muka ɓata kwana uku muna yi ba, sai ya kifa shi ya shafa ƙafafun da babban yatsa. Ya ce, "A kwana ya faɗi ko?" Na ce haka ne, Baba.

Ashe heluma ne na leburorin dogo, ya yi shekara talatin da wani abu a reluwe kafin ya yi ritaya, kuma mahaifinsa ma aikin da ya yi ke nan. Yana yaro ya ga ƙaramin jirgin Jos da idonsa. Ya sa aka kawo masa guntun alli ya zana mini ƙafar jirgi a ƙasa. Ni a zatona leɓen nan na cikin ƙafar shi ke riƙe jirgi a kan hanya. Ya ce leɓe mai gadi ne kawai, sai abu ya ɓaci ake jin aikinsa. Fuskar ƙafar ba a miƙe take ba, a ɗan karkace take, ta fi kauri ta wajen leɓen. Ƙafafu biyun kuma a kafe suke a sanda guda, tare suke juyawa. In jirgi ya shiga kwana sai ya ɗan zame waje, ƙafar waje ta hau wurin da ya fi kauri, ta ciki ta sauka wurin da ya fi siranta, ta haka ta waje ke cin ƙasa fiye da 'yar'uwarta, jirgi ya juya da kansa ba tare da sitiyari ba. Na karanta littattafai da dama a kan dogon Nijeriya, ban taɓa cin karo da wannan ba, ko kuwa na ci karo da shi na tsallake.

Sannan ya ce, "Amma ciwon naka ba a nan yake ba. Yaya ka auna faɗin hanyar?" Na ce da ido, da kuma rula nan da can. Ya girgiza kai. Ya karɓi wani guntun katako ya sa mai shago ya yi masa tsaga biyu, tsakaninsu milimita 45 cif. Ya ce kowace ƙusa zan buga, wannan katako ya kasance a kan ƙarfen. Ya ce in tone ƙasa in zuba tsakuwa, hanya ta ɗara ƙasar da ke gefenta tsayi, domin ruwa ne babban abokin gabar dogo. In ɗan ɗaga ƙarfen waje a kwana. In bar 'yar tazara a duk mahaɗar ƙarfe biyu, saboda zafin bazara yana sa ƙarfe ya miƙe, in bai sami wurin zuwa ba sai ya lanƙwashe. Autana ya ce, "Shi ya sa jirgi ke yin ƙaƙas-ƙaƙas a talabijin?" Baba ya dube shi ya ce, "Wannan ya fi ubansa kai."

Muka koma muka tumɓuke komai. Aikin tarago ya ci mako biyu, na hanya ya ci wata uku, kuma har yau bai ƙare ba. Damina ta zo ta kwashe tsakuwar kusurwar gabas. Gara ta cinye katakan da ke kwance ƙarƙashin ƙarfen, sai da muka jiƙa sababbi da baƙin mai, a nan na fahimci dalilin da ya sa na tsohon dogon Samaru na ƙarfe ne. Wurin da ƙasa ta ɗan yi tudu kusa da gindin mangwaro, ƙafafun sai su yi ta juyawa a banza, har sai da muka cusa notuna a cikin kan jirgin ya yi nauyi. Ganyen mangwaro guda ɗaya yana iya kayar da tarago. Saboda haka kowace safiya kafin makaranta yaron yakan zagaya hanyar da tsintsiya da katakon awo. Da na ba Baba labari ya ce ai haka suke yi, kowane yanki na dogo yana da mutumin da ke taka shi da ƙafa kullum, da guduma a kafaɗa, yana duban abin da ya kwance.

Wannan magana ta sauya yadda nake sauraron zancen jirgi a ƙasar nan. Tun da aka buɗe sabon dogon Abuja zuwa Kaduna a 2016, mai faɗin milimita 1,435, aka kuma ƙaddamar da aikin na Kaduna zuwa Kano a 2021, hirarmu duk a kan taragu ce: sanyinsu, kujerunsu, kuɗin tikiti. Ban taɓa jin wani a ɗakin shan shayin malamai ya tambayi wa zai taka hanyar da safe ba, kuma ni ma ban taɓa tambaya ba. Garin nan yana da jami'a tun 1962, da kwalejin jiragen sama tun 1964, da cibiyar fasahar sufuri tun 1986. Yana kuma da tsofaffi irin Baba a kan bencina a Sabon Gari, waɗanda ke raguwa kowace shekara. Na shekara ina tura ɗalibai ɗakin karatu su kwafo tarihin dogo, alhali kuɗin mota ɗaya ne tsakaninsu da mutanen da suka ɗauke shi a ka. Laifina ne wannan, kuma bana na tura biyu da na'urar ɗaukar magana.

Bayan ƙaramar Salla na je na ɗauko Baba ya ga aikin. Yaran Hayin Dogo sun cika bayan gidan, uku daga cikinsu sun zo da taragunsu na gwangwani da suka yi daidai da awon katakon. Jirgi ya tashi a hankali, ya ja taragu shida, ya zagaya mangwaro ya dawo. Baba bai kalle shi ba. Ya dogara sandarsa yana bin hanyar da ido, har ya tsaya a wani wuri kusa da kwata, ya nuna da bakin sandar ya ce nan ta zauna. Muka sa katako, ta kuwa zauna.

Da zai shiga mota autana ya tambaye shi yadda ake sa jirgi ya bar wata hanya ya koma wata. Baba ya ce wannan aiki ne babba, ba a yin sa a tsaye. Ya ce mu same shi a shagon ranar Asabar, in Allah ya kai mu, mu zo da alli.